Kujerar da ta kuɓuce: nazarin lamarin Andreas Mikkelsen da dokokin motocin rali na 2017

A ranar 20 ga Nuwamba, 2016, a garin Coffs Harbour da ke gabashin Ostireliya, Andreas Mikkelsen ɗan ƙasar Norwe ya lashe zagayen ƙarshe na gasar rali ta duniya ta wannan shekara, inda ya ba abokin aikinsa a ƙungiyar Volkswagen, Sébastien Ogier, tazarar kusan daƙiƙa 15. Shekarunsa 27 a lokacin, wannan ce nasararsa ta uku a babban aji bayan ta Sifaniya a 2015 da ta Polan a 2016, kuma shekara uku ke nan a jere yana kammala gasar a matsayi na uku a duniya. Bayan wata biyu kacal, da aka buɗe sabuwar kaka a Monte Karlo, sai ga shi a cikin Škoda Fabia R5, motar aji na biyu, domin babu ko ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi huɗu da ke da gurbin da za ta ba shi. Wanda yake son fahimtar yadda hakan ta faru, dole ne ya leƙa ƙarƙashin motar tukuna, ya kuma buɗe kundin dokokin hukumar FIA mai kula da wasannin motoci ta duniya, kafin ya waiwayi direbobin.

A gasar rali motoci ba sa jeruwa su tashi tare. Ana sakin su ɗaya bayan ɗaya a kan hanyoyin da aka rufe, kowa yana tsere da agogo, kuma a gefen direba akwai mai karanta masa hanya, wanda yake faɗa masa kaifin kowace kwana kafin su iso ta. A cikin kaka guda mota za ta taka kwalta da tsakuwa da laka da ƙanƙara, wani lokacin ma biyu daga cikinsu a zango ɗaya. Tun da Audi Quattro ta shigo gasar a 1981 aka gane cewa motar da ke jan ƙafa huɗu ita ce mai cin wannan wasa, amma daga nan wata tambaya ta taso wadda har yau injiniyoyi ba su gama da ita ba: ta yaya za a raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin nan huɗu?

Aikin difaranshal ke nan. Idan mota tana shan kwana, tayar da ke waje tana cin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki, haka kuma tayoyin gaba suna zagaye mai faɗi fiye da na baya, saboda haka dole a bar su su riƙa juyawa da gudu daban-daban. Difaranshal na motar gida yana yin wannan aiki lafiya lau, sai dai yana da aibi guda: da zarar taya ɗaya ta hau santsi ko ta ɗaga sama, sai ta yi ta wulwulawa a banza, ɗayar kuwa da ke da kamun ƙasa ba ta samun abin kirki. Don haka a motar rali ake sa wanda ke da jerin farantai a ciki, irin na kuloci, da wasu gangarori na ƙarfe waɗanda ke matse farantan idan an taka totur ko an ɗaga ƙafa. Yawan farantan, da kusurwar gangarorin, da matsin da aka ɗaure su da shi tun farko, su ke ƙayyade yadda zai kulle. Wannan duk aikin ƙarfe ne. Abin da makanike ya ɗaura a rumfar gyara shi direba zai yi ta fama da shi har ya dawo.

Na tsakiya kuwa, wanda ke zaune a cikin giyabos yana raba ƙarfi tsakanin aksul na gaba da farfelar da ke kai ƙarfi baya, shi ne wanda doka ta fi yi wa shiga da fita. A farkon shekarun 2000 manyan motocin gasar suna da difaranshal uku da kwamfuta ke sarrafawa ta hanyar matsin mai. A 2006 aka hana na gaba da na baya masu kwamfuta saboda tsada, aka bar na tsakiya. A 2011, da aka koma inji mai lita 1.6 da turbo, sai aka cire na tsakiyan baki ɗaya, aka haɗe gaba da baya suna juyawa da gudu ɗaya, in ban da wata 'yar na'ura da ke sakin bayan motar idan an ja birkin hannu. A kan wannan tsari Volkswagen Polo R WRC ta yi sarautarta: daga 2013 zuwa 2016 ta shiga rali 52 ta ci 43, Ogier ya ɗauki kambun direbobi sau huɗu a jere, kamfanin ma ya ɗauki na masu ƙera motoci sau huɗu.

A 2015 FIA ta sanar da sabbin dokokin da za su fara aiki a 2017, da niyyar dawo wa motocin da kwarjinin da masu kallo ke cewa sun rasa. An faɗaɗa zoben da ke taƙaita iskar da turbo ke zuƙa daga milimita 33 zuwa 36, abin da ya ɗaga ƙarfin inji zuwa kimanin doki 380. An ƙara faɗin mota da milimita 55 ya kai 1,875, an rage mafi ƙarancin nauyi daga kilo 1,200 zuwa 1,190, an kuma sakar wa masu zane mara a kan fiffiken baya da sauran sassan da ke sa iska ta danne mota a ƙasa. Waɗannan su ne abin da ido ke gani, su jaridu suka fi yayatawa, har ana kwatanta motocin da na rukunin B, wato motocin nan masu tsananin ƙarfi da aka soke bayan kakar 1986, shekarar da direba Henri Toivonen da mai karanta masa hanya Sergio Cresto suka mutu a haɗari a ralin Kosika. A ganina, sakin layin da ya fi tasiri a kan makomar direbobi shi ne wanda ya dawo da difaranshal na tsakiya mai kwamfuta, alhali na gaba da na baya sun ci gaba da zama na ƙarfe zalla.

A ɗauki kwana guda mai kaifi a kan kwalta, irin waɗanda suka cika hanyoyin duwatsun Monte Karlo, a ga abin da ke faruwa cikin daƙiƙa uku ko huɗu. Direba ya taho da gudu ya danna birki; a nan ana so difaranshal na tsakiya ya matse, domin ƙarfin birki ya bazu a kan tayoyi huɗu, motar ta tsaya a miƙe ba ta wutsil-wutsil. Ya fara sassauta birki yana karya sitiyari. Yanzu ana so ya saki, gaba da baya su sami 'yancin juyawa daban, hancin motar ya faɗa cikin kwanar ba gardama. Idan kwanar ta yi matsi har ya kai hannu ga birkin hannu, sai ya buɗe gaba ɗaya, tayoyin baya su ƙame, bayan motar ya zagayo. Da ya hango mafita ya taka totur, sai ya sake matsewa don kada wani aksul ya yi ta karce ƙasa shi kaɗai. Kwamfuta ce ke yin wannan duka, tana duba gudun mota da matsayin totur da matsin birki da juyin sitiyari, tana bin wani jadawali da injiniya ya rubuta mata, kuma direba yana iya sauya jadawalin da maɓalli idan hanya ta canza daga busasshiya zuwa jiƙaƙƙiya. A motar 2011 zuwa 2016 babu wannan sassauci, shi ya sa take yawan ture hanci waje a bakin kwana, sai direba ya jefa ta da ƙarfi ko ya lallashe ta da birkin ƙafar hagu.

Abin da wannan ya haifar shi ne, mota ta zama abin da ake ɗinka wa direba daidai jikinsa. Mai son tuƙi a tsanake, yana bin layi ɗaya ba zamiya, jadawalinsa daban. Mai son shiga kwana a karkace, nasa daban. Amma ɗinkin ba ya yiwuwa sai da gwaji, kilomita bayan kilomita, direba yana faɗin abin da ya ji, injiniya yana gyara lissafi, sannan a daidaita shi da farantan gaba da na baya da shokozoba, tun da taɓa ɗaya yana canza halin sauran. Ga shi kuma doka ta ƙayyade kwanakin gwaji da zarar kaka ta fara, ta kuma ƙayyade yawan gyare-gyaren da kamfani zai iya yi wa sassan da aka riga aka yi wa rajista. Ashe ke nan direban da ya shafe 2016 yana gwada sabuwar motar ƙungiyarsa ya tara wani jari da ba ya bayyana a teburin maki. Akwai kuma bambancin zamani: Ogier da Jari-Matti Latvala sun ci rali da manyan motoci masu irin wannan na'ura kafin 2011, su kuwa Thierry Neuville da Elfyn Evans da Craig Breen sun hau babban aji ne bayan an cire ta.

Ana cikin wannan shiri, kowa yana kallon 2017 a matsayin shekarar ƙungiyoyi biyar: Volkswagen, Hyundai, M-Sport mai amfani da motocin Ford, Citroën da ta janye daga cikakkiyar gasar 2016 don ta ƙera C3 WRC, da Toyota da ke dawowa bayan ta fice a ƙarshen 1999, a ƙarƙashin Tommi Mäkinen, zakaran duniya sau huɗu, da sansaninta a Finlan. Sabuwar doka ta ba kowane kamfani damar tsayar da mota uku, a ƙirga makin biyun da suka fi. Kujeru 15 ke nan a lissafi. Kafin Oktoba ta ƙare an riga an raba mafi yawansu: Hyundai ta riƙe Neuville da Dani Sordo da Hayden Paddon, Citroën ta sanar da Kris Meeke da Breen da Stéphane Lefebvre, Toyota ta bayyana Juho Hänninen wanda ya yi mata yawancin gwaje-gwaje. Direbobin Volkswagen uku kuwa, wato Ogier da Latvala da Mikkelsen, hankalinsu kwance, suna da kwantiragi, suna da sabuwar Polo da aka daɗe ana gwadawa har da hannun tsohon zakara Marcus Grönholm.

A ranar 2 ga Nuwamba, 2016, kwana uku bayan kammala ralin Wales, Volkswagen ta sanar cewa za ta fice daga gasar a ƙarshen kaka. Kamfanin yana cikin tsaka mai wuya tun Satumban 2015, lokacin da aka bankaɗo maguɗin hayaƙin injinansa na dizal a Amurka, kuma tsuke bakin aljihu ya biyo ta kan wasannin motoci. Daga ranar sanarwar zuwa 19 ga Janairu, 2017, da za a tashi a Monte Karlo, kwana 78 ne. Kujeru uku sun ɓace, direbobi uku na sahun gaba sun faɗo kasuwa bayan an kusa tashi.

Ogier bai sha wahala ba, domin zakaran duniya sau huɗu shi ke zaɓa. A ƙarshen Nuwamba ya gwada Toyota Yaris a Sifaniya, ya gwada Ford Fiesta a Wales, kuma a Disamba ya rattaba hannu da M-Sport ta Malcolm Wilson, ƙungiya mai zaman kanta da ke Cumbria a arewacin Ingila, wadda kamfanin Ford ya janye mata cikakken tallafi tun ƙarshen 2012, kuma rabonta da cin rali tun wannan shekarar. Abin lura a nan shi ne bai yarda ya sa hannu ba sai da ya zauna a cikin motocin ya ji halinsu. A shekarar da komai ya canza, sunan kamfani da kaurin aljihunsa ba su isa shaida ba. Latvala, wanda kakar 2016 ba ta yi masa kyau ba, don ya ƙare a na shida da nasara ɗaya tak a Mekziko, shi Toyota ta ɗauka. Ɗan Finlan ne kamar shugaban ƙungiyar, ya fi kowa a cikin ukun yawan rali a babban aji, kuma sabuwar ƙungiya mai sabuwar mota tana bukatar wanda zai iya fassara wa injiniya abin da motar ke yi. Kujera ta uku a Toyota an tanadar wa matashi Esapekka Lappi, zakaran aji na biyu na 2016, a M-Sport kuwa Ott Tänak da Evans ne suka cike sauran guraben. Mikkelsen, wanda ya fi Latvala maki a wannan kaka, ya tashi a tutar babu.

Sauran fata guda ita ce Polo ta 2017 ɗin kanta, wadda an kusa kammala ta, kuma an yi yunƙurin a ba da ita haya ga ƙungiya mai zaman kanta. A nan ne dokar rajista ta rufe ƙofa. Ba a shiga gasar da mota sai FIA ta duba ta, ta yi mata rajistar amincewa a kan lokaci, kuma rajistar babbar mota tana ɗaure da sharaɗin cewa kamfanin ya shiga gasar masu ƙera motoci. Volkswagen ta nemi a yi mata sassauci, a farkon 2017 aka ƙi. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba: motar da aka kashe wa maƙudan kuɗi ba ta taɓa shiga ralin duniya ko sau ɗaya ba. Ina ganin hukumar tana da hujja, domin da an bar kamfanin da ya fice ya riƙa cin gasa ta bayan gida ba tare da ɗaukar nauyin kaka guda cur ba, da an zalunci waɗanda suka tsaya. Amma wanda ya biya farashin hukuncin shi ne direban da ya fi sanin motar kuma ba shi da wata. Ko sayen kujera ma ba abu ne mai sauƙi ba a lokacin, don sabbin motocin sun yi ƙaranci har Citroën ta je Monte Karlo da C3 biyu kawai, ta sa Breen a tsohuwar DS3, ya kuma ƙare a na biyar da ita.

Kakar da ta biyo baya ta nuna yadda sabuwar dokar ta wargaza tsohon lissafi. Rali huɗu na farko kamfanoni huɗu daban suka ci su: Ogier da Ford a Monte Karlo, Latvala da Toyota a Suwidin a fitowarta ta biyu kacal, Meeke da Citroën a Mekziko, Neuville da Hyundai a Kosika. A zagaye 13 direbobi bakwai ne suka yi nasara, uku daga cikinsu, wato Tänak da Lappi da Evans, a karon farko a rayuwarsu. A Ajantina tazarar da ke tsakanin Neuville da Evans ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, 0.7 ce. Neuville ya fi kowa yawan nasara da guda huɗu, amma ya zubar da Monte Karlo da Suwidin yana kan gaba, shi kuwa Ogier da nasara biyu kawai ya ɗauki kambunsa na biyar, M-Sport kuma ta lashe na masu ƙera motoci.

Citroën ce darasin da ya fi jan hankali ta fuskar na'ura. Ita ce ta ba da shekara guda don shiri, ita aka fi yi wa zaton nasara, amma C3 ta fito da hali mai wuyar sha'ani: a kan kwalta tana da gudu, a kan tsakuwa mai santsi ko inda kamun ƙasa ke canzawa sai bayanta ya kuɓuce ba gargaɗi, Meeke ya yi ta fita daga hanya. Wannan matsala ce ta buɗe wa Mikkelsen ƙofa. Bayan ya ci aji na biyu a Monte Karlo da Kosika da Škoda, Citroën ta kira shi Sardiniya a madadin Lefebvre, ya ƙare a na takwas. Aka ajiye Meeke aka sake ba shi mota a Polan, ya ƙare a na tara, a daidai lokacin da kamfanin ya fara sauya yadda ake raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Wanda ya kalli waɗannan lambobi kawai zai ce direban ya yi sanyi, alhali mutum ne da aka jefa cikin motar da aka ɗinka wa wani, a tsakiyar kaka, da gwaji ɗan kaɗan, kuma abin da ake nema a wurinsa har da ra'ayin wanda ya san yadda Polo take. A Jamus, a kan kwalta, ya zo na biyu a bayan Tänak. Duk da haka Citroën ta kammala kakar a ƙarshen teburin kamfanoni huɗu.

Sakamakon Jamus ɗin ne ya dawo da shi kasuwa da daraja. Hyundai ta ɗauke shi daga ralin Sifaniya na 2017 tare da kwantiragin 2018 da 2019, lamarin da ya sa ƙungiyar ta koma direbobi huɗu a kan mota uku, Paddon da Sordo suka koma karɓa-karɓa. Kujerar da ya samu daga jikin wasu aka yanko ta. Sai dai motar Hyundai i20 ba ta taɓa zama masa kamar Polo ba, bai ci rali ko ɗaya da ita ba, kuma bayan 2019 ya sake komawa aji na biyu, inda ya ɗauki kambu a 2021 da 2023. Har yanzu nasarar Coffs Harbour ita ce ta ƙarshe da ya yi a babban aji. Ba zan ɗora wannan duka a kan difaranshal ba, domin akwai shokozoba da tayoyi da kuma ƙarfin gwiwar direba, wanda ke karyewa idan ya daɗe bai yarda da motarsa ba. Amma rabin shekarar da ya rasa ita ce daidai lokacin da abokan hamayyarsa ke koyon sabon tsarin, kowa da injiniyansa.

Ogier ya ƙara kambu da M-Sport a 2018, ya koma Citroën a 2019, ya ci rali uku amma bai gamsu da C3 ba, ya tafi Toyota. A Nuwamban 2019 Citroën ta fice daga gasar, tana kafa hujja da rashin direba na sahun gaba, kamfanoni suka koma uku. Difaranshal na tsakiya mai kwamfuta kuwa kaka biyar kawai ya yi. A dokokin Rally1 na 2022, da aka ƙara wa motocin na'urar lantarki mai kilowat 100, an sake cire shi don rage kashe kuɗi, aka mayar da giya daga shida zuwa biyar da sandar hannu, gaba da baya suka koma juyawa da gudu ɗaya kamar a 2011, direbobin da suka shafe shekara biyar suna gyara jadawali suka koma koyon jefa mota a bakin kwana.